'Yata ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu, me ya sa babu sunanta cikin waɗanda suka ci gasar wasa ƙwaƙwalwa?

Tambayar da Hajiya ta turo ita ce, an fitar da sunayen ɗaliban da suka yi nasara a gasar wasa ƙwaƙwalwa ta lissafi, 'yarta mai shekara 14 wadda kullum ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi a ajinsu, amma a gasar ko cikin goman farko bata shiga ba, wanda ya ɗauke kyautar kuma yaro ne da ko a ajinsu ba a cika kiran sunansa cikin masu ƙoƙari ba. Shine take tambaya wai son kai aka yi ne, ko kuwa masu cin irin wannan gasa da baiwarsu aka haife su, sannan ta bar yarinyar ta sake shiga ko dai a haƙura.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Ni aikina kenan, koyar da lissafi da horar da yara masu shiga irin wannan gasa, kuma ina zama a teburin da ake duba takardunsu ana ba da maki, dan haka bari in faɗa miki abin da ido ya gani. Maganar son kai ki ɗan ajiye ta gefe tukuna, domin abin nan da kika bayyana shi muka saba gani ko a gasar da aka ɓoye sunayen yara aka bar lamba kawai a saman takarda, mai dubawa bai san ɗan wa yake dubawa ba amma sai sakamako ya fito kiga na ɗayan aji yana can tsakiya, wani shiru-shiru da ke zama a bencin baya ya haye sama.

Dalili kuwa shine jarabawar aji da gasar wasa ƙwaƙwalwa ba abu ɗaya suke aunawa ba, sunan lissafi ne kawai ya haɗa su. A aji malam ya koyar da hanya, ya yi misali uku huɗu a allo, ya ba da aikin gida iri ɗaya, ranar jarabawa ya canza lambobi ya sake kawowa. Yaro mai natsuwa da tsafta da riƙe fomula zai cinye, kuma wannan ba ƙaramin abu bane wallahi, 'yarki ta cancanci yabo a kai. Amma su masu shirya gasa da gangan suke zaɓo tambayar da babu fomularta a littafi, so suke su ga me yaro zai yi idan ya karanta tambaya ya ga bai san ta ina zai kama ta ba. Kamar wanda ya saba tafiya a kan titin da aka shimfiɗa ne aka ɗauke shi aka ajiye a tsakiyar daji aka ce nemo hanyar gida, saurin ƙafarsa na nan bai je ko'ina ba amma yau ba shi ake tambaya ba.

Bari in ba ki misali dan kar maganar ta zama ta fatar baki. Ance 'yan wasa 100 ne suka shiga gasa, duk wanda aka cinye sau ɗaya ya fita, wasa nawa za a buga kafin a samu zakara? Yaron da ya saba da aji nan take zai fara rabawa, zagayen farko wasa 50, na biyu 25, sai ya zo kan mutum 25 ba sa rabuwa biyu daidai sai ya fara kame-kame waye zai huta waye zai buga, in ya yi haƙuri zai kai ga amsa amma ya ci minti biyar ko fi kuma ƙila ya yi kuskure a tarawa. Wani yaron kuma zai ajiye biro ya ce tsaya, kowane wasa ai mutum ɗaya yake korarwa, kuma mutum 99 ake so su fita a bar ɗaya, toh wasa 99 kenan. Shikenan ya gama. Kinga babu wani lissafi mai wuya a ciki, ɗan firamare ya san 100 a cire 1, abin da ya bambanta su shine na biyun ya juya tambayar ya kalle ta ta wajen waɗanda ake korarwa.

Ga wata da nafi so, ita nake fara ba duk yaron da aka kawo min. Ki ɗauki allon ces mai gida 8 a tsaye 8 a kwance, gida 64 kenan baƙi da fari a jere ɗaya bayan ɗaya. A yanke gida biyu na kusurwoyin da suke kallon juna ta karkace, saura 62. Aka ba ki 'yan katakai 31, kowanne yana rufe gida biyu da suke manne da juna. Za a iya rufe allon duka? 31 sau 2 ai 62 ne, dan haka kowa zai ce eh mana, sai yaro ya fara jerawa, ya jera ya jera kullum sai gida biyu sun rage a wurare daban, ya goge ya sake. Wasu anan suke jefar da biro suce tambayar ce ba daidai ba. Wanda zai ci kuwa sai ya tsaya ya tambayi kansa wai me yasa kullum biyu ke ragewa, kuma wane launi ne suke ragewa? Sai ya lura kusurwoyin nan biyu da aka yanke launinsu ɗaya, kenan allon ya koma gida 30 na launi ɗaya da 32 na ɗayan, shi kuma kowane katako duk inda ka ɗora shi dole ya rufe baƙi ɗaya fari ɗaya, katakai 31 suna buƙatar 31 da 31 cif. Ba zai taɓa yiwuwa ba, ko shekara za a yi ana jerawa. Toh wannan layi ukun da na rubuta shine ake kira hujja, kuma shi ake ba maki. Yaron da ya rubuta "na gwada sau da yawa bai yiwu ba" amsarsa daidai ce amma a gasar da ake rubuta bayani kusan ba abin da zai samu, domin gwadawa sau dubu bata nuna cewa na dubu da ɗaya ba zai yi ba.

Nan ne yara masu ƙoƙari a aji suke zubar da maki da yawa ba tare da sun sani ba. Sun saba amsar ƙarshe ake dubawa a ja mata layi biyu a ƙasa. Mu kuma a teburin dubawa abin da muke bi shine kowane mataki daga ina ya fito, in ka ce abu kaza dole ne sai ka nuna me ya sa ya zama dole. Sau da yawa yaro zai fito daga ɗakin gasa yana murna ya ce duk na amsa, kuma da gaske amsoshin sun dace, sai maki ya fito ƙasa iyaye su ce an zalunce shi.

Sai kuma ki san gasar ma iri-iri ce, kuma sunan wanda ya ci yana da nauyi daban a kowacce. Akwai ta zaɓi-ɗaya-cikin-biyar mai gudu da lokaci, irin gasar Kangaroo da aka fara a Faransa a 1991, wadda su ma suka kwaikwayo daga wata gasa ta Ostireliya shi yasa suka sa mata sunan kangaroo, dabbar nan ta Ostireliya, ana yinta a watan Maris kowace shekara a ƙasashe da dama, tambayoyi 24 ko 30 gwargwadon aji, masu maki 3 da 4 da 5, cikin kamar minti 75. A irin wannan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na goma tana iya zama tambaya ɗaya ko biyu, kuma a ƙasashe da yawa ana rage maki in ka zaɓi amsar da ba daidai ba, dan haka yaron da ya san inda zai bar fili ya wuce yana iya doke wanda ya fi shi sani amma ya tsaya canki-canka. Akwai kuma ta rubuta hujja, babbarsu ita ce gasar Olimfiyad ta lissafi ta duniya wato IMO, da aka fara a Romaniya a 1959 da ƙasashe 7 kacal, yanzu sama da ƙasa 100 ke zuwa, kowace ƙasa ɗalibai 6. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya 3 a cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42. Ki duba fa Hajiya, awa ɗaya da rabi ga tambaya guda, babu kalkuleta, kuma mafi yawan yaran da ƙasashensu suka tace suka turo basa iya warware shidan duka. Can ba mutum ɗaya ake ba zinare ba, kusan rabin waɗanda suka zo ne ke samun lambar yabo, ana raba zinare da azurfa da tagulla a kan 1 da 2 da 3, wanda bai samu lamba ba amma ya warware tambaya ɗaya cikakkiya ya ci 7 ɗinta shima ana ba shi takardar yabo. Ni wannan tsarin ya fi kwanta min a rai nesa ba kusa ba akan gasar da za a tara yara ɗaruruwa a kira uku a ba su kofi sauran su koma gida kamar basu yi komai ba, kuma ina roƙon masu shirya ƙananan gasa su riƙa yin haka.

Yanzu maganar baiwa. Bazan ce miki babu ita ba, akwai. Terence Tao ɗan Ostireliya ya fara zuwa IMO a 1986 yana ɗan shekara 10, ya samu tagulla, a 1987 azurfa, a 1988 zinare, daga baya a 2006 ya karɓi lambar Fields wadda ita ce ɗaya daga cikin mafi girman kyaututtukan lissafi a duniya. Irin wannan ba a koyar da shi a lesin. Amma ko shi ki lura sau uku ya je, tagulla ya fara da ita, kuma a shekarar da ya ci zinaren akwai tambaya ta 6 da ta yi suna har yau, wadda ke cewa in a da b cikakkun lambobi ne sama da sifiri kuma ab+1 (wato a sau b a ƙara 1) ta raba a²+b² (wato a sau a, a haɗa da b sau b) babu saura, a nuna cewa abin da rabawar ta bayar lamba ce irin 4 ko 9 ko 16 wadda ake samu in an ninka wata lamba da kanta. Ki gwada da 2 da 8, sama 68 ƙasa 17, ya ba da 4. Ɗalibai 11 ne kawai suka ci makinta cikakke, shi Tao maki 1 ya samu cikin 7. Kenan wanda ake kira zakara ma akwai tambayar da ya zauna a gabanta awa da awanni ta ƙi buɗuwa.

Tunda 'ya mace ce ki ba ta labarin Maryam Mirzakhani 'yar Iran. Ta ci zinare a 1994 da maki 41 cikin 42, ta dawo a 1995 ta cinye 42 ɗin duka, a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, ta rasu a 2017 tana da shekara 40. Ita da bakinta take bayyana kanta a matsayin mai tafiya a hankali a tunani, mai daɗewa a kan matsala ɗaya. Akwai Lisa Sauermann 'yar Jamus da ta je sau biyar daga 2007 zuwa 2011 ta kwaso zinare 4 da azurfa 1. Har gasa ta musamman aka buɗe wa 'yan mata a Turai a 2012 a Kambirij ta Ingila saboda an ga 'yan mata sun yi kaɗan a tawagogin ƙasashe, kuma ƙasashen da ba na Turai ba ma suna zuwa. A nahiyar Afirka akwai tamu Olimfiyad ɗin da aka fara a Maroko a 1987. Ƙofofin suna da yawa, wannan da ta wuce guda ɗaya ce kawai.

Abin da na gani ya haɗa yaran da suke ci, in aka cire ɗaiɗaikun da Allah ya yi wa baiwa ta daban, shine sun saba da maƙalewa. Basa jin kunyar su zauna minti 30 basu rubuta komai mai amfani ba. Shi kuwa yaron da ya saba zuwa na ɗaya, kuma wannan shine abin da yake bani tausayi game da irin 'yarki, ya taso ana ce masa mai ƙwaƙwalwa saboda yana gama aiki kafin kowa, toh ranar da ya haɗu da tambayar da minti biyu suka wuce bai ga hanya ba sai gabansa ya faɗi, ya fara tunanin ko dai ba ni da ƙoƙarin da ake faɗa, rabin hankalinsa ya tafi can, sai ya tsallake zuwa ta gaba itama haka. Yaron bencin baya kuwa dama ya saba abu ya ƙi masa, ba sabon abu bane a wajensa, kuma in kin bincika sau da yawa za ki tarar yana da wata ɗabi'a a gida ta wasa da irin waɗannan tambayoyin dan jin daɗinsa kawai, ko wani yayansa ko malami yana jefo masa su. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun nasa ne kawai ba a aji aka gani ba.

Kuma maƙalewar tasu ba zaman jugum bane, akwai abubuwan da suke yi da hannu. In tambaya ta ce 100 sai su gwada da 2 da 3 da 4 su ga me ke faruwa. Suna zane. Suna fara wa daga ƙarshe su dawo baya. Suna neman abin da baya canzawa duk yadda aka jujjuya, kamar launin gidajen allon can. Misali a rubuta 1 zuwa 10 a allo, kowane lokaci ka goge lambobi biyu ka rubuta bambancinsu, har lamba ɗaya ta rage, za ta iya zama sifiri? Wanda ya saba zai tara su ya ga 55, lamba ce da bata rabuwa biyu daidai, sannan ya lura duk sanda ka goge biyu ka sa bambancinsu jimlar tana raguwa ne da ninki biyu na ƙaramar, kenan har abada jimlar ba za ta koma mai rabuwa biyu ba, sifiri kuwa mai rabuwa ne, dan haka ba zai yiwu ba. Waɗannan dabarun duk koyonsu ake yi, ba su fi a ƙirga ba a matakin yara, yaron da ya gan su sau da yawa in ya shiga gasa sai ya ji tambayar tana masa kama da wata da ya taɓa kokawa da ita.

Su kuma waɗanda suka ci, ina taya su murna da zuciya ɗaya domin sun sha wuya, amma kullum ina ja wa iyayensu da malamansu kunne. Tambayar gasa an san tana da amsa, wani ne ya zauna ya tsara ta yadda za ta warwaru cikin awa ɗaya ko biyu da kayan aikin ɗan sakandare. Lissafin gaske na bincike ba haka yake ba, masanin lissafi Andrew Wiles shekara bakwai ya yi yana aiki a kan matsalar Fermat, wata tsohuwar tambaya da ta daɗe tana gagarar masana, ya sanar cewa ya warware ta a 1993 aka gano giɓi a hujjar sai a 1994 ya toshe shi. June Huh da ya karɓi lambar Fields a 2022 barin sakandare ya yi yana son zama marubucin waƙa, sai can a ƙarshen karatunsa na jami'a ya kama lissafi gadan-gadan. Na ga yaran da suka ci kofi suna ƙanana aka yi ta kiransu gwani har suka fara gudun duk tambayar da za ta iya kunyata su, wannan asara ce babba kuma mu manya ne muke jawo ta.

Dan haka amsata a kan ta sake shiga ko a haƙura, ta sake shiga, in dai ita tana so, kar ya zama dole. Abin da zan roƙe ki shine ki nemi takardar tambayoyin gasar daga masu shiryawa ko malaminta, in suna ba da takardar da aka duba ma ki karɓo, yawanci masu gaskiya basa ƙi. Ki ba ta ta sake zama a gida ba agogo ba kowa a kanta, tambaya ɗaya a rana ta isa. Za ki sha mamakin yawan waɗanda za ta warware da kanta, daga nan za ku gane ko lokaci ne ya ci ta ko firgita ko kuwa dabarar ce bata taɓa gani ba, kowanne maganinsa daban. Tsofaffin tambayoyin gasa suna nan a intanet kyauta, na IMO tun daga 1959 suna shafinsu amma waɗannan sun mata nauyi yanzu, ta fara da irin na Kangaroo na ajinta ko ma na ƙasa da ajinta. Ta samu littafi guda na musamman tana rubuta hujjarta da cikakkun jimloli yadda ƙawarta za ta karanta ta gane ba sai an mata bayani ba, in da hali su zama su biyu ko uku suna musu a kan amsa, musun nan yana koyarwa fiye da lesin. Babban abin da zan hana shine saurin buɗe amsa, ko ke ko malamin lesin ko waya, in ta maƙale a bar ta ta kwana da tambayar, in za a taimaka a tambaye ta me kika gwada, in lambar ƙarama ce me zai faru, a tsaya nan.

Ga guda ki kai mata yau. Ƙwallaye 9 ne kamarsu ɗaya, guda ɗaya ta ɗan fi sauran nauyi, akwai sikeli mai faranti biyu babu duwatsun awo, ta gano mai nauyin da awo 2 kacal, kuma ta rubuta dalilin da ya sa hanyarta za ta yi aiki ko wacce ce mai nauyin a cikinsu. In ta gama ki mayar mata da su 27 da awo 3, sannan ki tambaye ta ƙwallaye nawa za ta iya da awo 4.